Tambayi Bakanike: Kafin a Yanke wa Birenbos Hukunci

Assalamu alaikum, masu karatu. Tunda ruwa ya ɗauke aka koma bakin aiki gadan-gadan, wasiƙun masu manyan injina suka fi yawa a wannan wata, kuma kusan dukansu kuka ɗaya suke yi: an ce musu birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ya mutu. Na tsamo biyar daga ciki, na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Malam, ina da eskabeta Caterpillar 320D da nake lodin marmara da ita a wajen Rigachikun. Tana cikin aiki sai ta mutu ɗif, tamkar an murɗa makulli. Wani lokaci ta tashi nan take, wani lokaci sai an jira. Mai wayarin ɗinmu ya ce birenbos ne, na sayo na hannu da kuɗi masu tsoka aka ɗaura. Ta yi kwana biyu lafiya, sai ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce shi ma wanda na sayo ɗin ba shi da kyau, in nemo wani. Ina mafita?
Daga wani Alhaji a Kawo.

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya mayar da alheri. Kada ka sayi na uku. Na farkon ma ka sa a nemo shi duk inda aka jefa shi a adana, domin ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau. Da wuya birenbos biyu da suka fito daga injina daban-daban su kamu da ciwo iri ɗaya sak. Abin da bai canza ba tsakaninsu shi ne batir da wayoyi da sensoshi, to can ya kamata ido ya koma. Kwana biyun da ta yi lafiya ma kada su ruɗe ka. Duk lokacin da aka zare soket aka mayar, haƙoransa sukan goge tsatsar juna, wayoyi kuma su ɗan gusa daga inda suke gogar ƙarfe, sai ciwon ya lafa har girgizar aiki ta dawo da shi.

Aikin birenbos bai wuce wannan ba: sensoshi su kawo masa labarin gudun inji, zafin ruwa, ƙarfin baƙin mai, ƙarfin man gas a bututu da iskar turbo, shi kuma ya yi lissafi ya buɗe kowace nozul a daidai lokacinta. Idan wuta ta ɗauke masa ko na ƙiftawar ido ne, nozul duka za su rufe, inji ya mutu nan take ba tari ba sheshsheƙa. Injin da mai ya yanke masa yakan yi sanyi, ya yi ta cijewa, sannan ya mutu. Irin mutuwar da ka kwatanta ta ɗaukewar wuta ce, ko kuma ta ɓacewar sensar gudu.

Saboda haka a fara daga batir. Injinka batir biyu ne masu bolt 12 aka haɗa suka ba da 24. Idan inji yana kashe mitar auna wuta za ta nuna wajen 25, idan yana aiki altaneta na caji ta nuna kusan 28. A sa ido kan mitar lokacin da ake buga kik. In ta faɗo ƙasa da 18, batiran sun gaji ko kuma akwai mahaɗar da ke cinye wuta. A kwance kawunan batir a kankare su. A duba makullin yanke batir, domin cikinsa yakan ƙone ba a sani ba, kuma na sha samun ciwon a nan. A bi wayar as, wato mai kaurin nan da ke haɗa inji da jikin ƙarfen eskabeta, a kwance notinta a goge wurin har ya yi ƙyalli. Damina ɗaya ta Kaduna ta isa ta sa tsatsa ta shiga ƙarƙashinta alhali daga waje tana nan tsaf.

Daga nan sai a auna wutar a bakin soket ɗin birenbos, ba a kan batir ba. A nan ne mita ke yaudarar masu wayarin da yawa. Wayar da ta tsinke saura zare ɗaya za ta nuna maka 24 cif, saboda mita ba ta jan wutar kirki. Ni abin da nake yi, in zare soket, in ɗauko ƙwan fitilar gaba mai bolt 24 in haɗa tsakanin wayar wuta da wayar as na soket ɗin. In ya haska fes, layin na iya ɗaukar nauyi. In ya yi ja-ja ko yana ƙyafta ido idan an motsa waya, mun kama ɓarawon. Asarar wuta a kowane layi kada ta kai rabin bolt. Kada a manta da babban rile da gidan fiyus. Fiyus na iya zama lafiya amma ƙafafunsa sun saki a mazauninsu.

Sai a tayar da inji a bar shi a silo, wato ba a ƙara masa mai ba, mutum ɗaya ya riƙa bin damin wayoyi yana girgiza su taƙi-taƙi, musamman inda suka kwanta a kan ƙarfe da inda suka bi kusa da turbo da salansa. Inda aka taɓa inji ya yi tuntuɓe, nan za a fasa a duba. A haska cikin soket da tocila a nemi koren tsatsa ko haƙorin da ya shige ciki, a ja kowace waya a hankali daga baya a ji ko ta kama. Roƙona ga masu wayarin: ku daina cusa tsinken mita cikin ramin haƙori. Yana buɗa shi, ku haifar da sabon ciwo a inda babu.

Duk wannan za a iya yinsa ba kwamfuta. Amma kuɗin kiran mai laftof da manhajar Cat ET bai kai kaso kaɗan na kuɗin birenbos ba, kuma zai nuna abin da ido ba ya gani. Birenbos na ajiye tarihin kowace matsala: lambarta, sau nawa ta faru, da awar da ta fara da wadda ta ƙare. Kowace lambar Caterpillar na da manyan sassa biyu. CID na faɗin layin da abin ya shafa, FMI na faɗin irin matsalar. A naka injin a nemi CID 168, wato wutar da ke shiga birenbos. 190 da 342, sensoshin gudu guda biyu. Da 262, wutar bolt 5 da birenbos ke ba sensoshi. FMI 3 na nufin wuta ta yi sama, 4 ta yi ƙasa, 5 layi ya yanke, 6 layi ya taɓa ƙarfe, 2 saƙo na rawa, 8 bugun sensar gudu ba daidai ba. Lambar nan kamar ihun maigadi ce, ya ce an taɓa ƙofar baya, amma bai ce ga wanda ya taɓa ba. Idan ta ambaci sensa, matsalar na iya zama sensar, ko wayarta, ko soket ɗinta, birenbos shi ne na ƙarshe a layin tuhuma.

Bari in tsaya a kan 262, don ita ce ta fi sa a yi wa birenbos ƙazafi. Sensoshi da dama waya ɗaya suke shan bolt 5 daga gare ta. Idan ɗaya ta lalace a ciki ta ja wutar nan ƙasa, duk sauran sai su makance lokaci guda, allo ya cika da lambobi, wanda bai sani ba ya ce ai ƙwaƙwalwar ce ta rikice. An taɓa kawo mini gireda garejina a Kakuri a kan lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injina, daga wani aikin hanya, har an riga an yi cinikin wani birenbos. Na sa mita a kan layin bolt 5, na ce wa yarona ya riƙa zare sensoshi ɗaya bayan ɗaya. Yana zare ta baƙin mai, mita ta koma 5, lambobin suka lafa. Sensa guda aka saya.

Game da mai wayarin ɗinka, Alhaji, kada ka kore shi. Yawancinsu sun ƙware ne a kan tsofaffin injina masu famfon nozul, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu wannan. Ka sa ya tsaya a gefen mai kwamfutar ranar da za a yi aikin, gobe kai za ka ci moriyar abin da ya gani.

Tambaya: Oga, ni yaro ne mai koyon aiki a Panteka, na yi karatun lantarki a Kaduna Polytechnic. Na tara kuɗi na sayi laftof da adaftar jona shi da inji. An kira ni kan wata feloda mai injin Cummins, na jona amma INSITE, manhajar Cummins, ta ƙi ganin inji. Maigidana ya ce tunda ba ya magana da kwamfuta, birenbos ya mutu. Amma injin yana tashi yana aiki. Haka ne?
Daga wani matashi a Tudun Wada.

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi wa neman albarka, ka kama hanya mai kyau. Ka riga ka amsa rabin tambayarka: injin da ke tashi yana aiki, birenbos ɗinsa na raye. Abin da ya samu matsala shi ne layin magana, ko kuma kayanka. Fara da naka. Ka gwada adaftar a wani inji da ka san lafiyarsa, ka tabbata ka zaɓi adaftar da ta dace a cikin manhajar. Adaftar jabu ta cika kasuwa, wata ta yi yau gobe ta ƙi.

In kayanka lafiya ne, koma kan soket mai haƙora tara. A tsarin J1939 da yawancin manyan injina ke bi, haƙorin A as ne, B wutar batir, C da D su ne layin magana. Wayoyin biyu a murɗe suke da juna, rawaya da kore. Ka lura Caterpillar na da nasu jerin haƙoran daban, kada ka ɗauki wannan ka kai can. Fara da auna A da B, don sau da yawa fiyus ɗin soket ɗin ne kawai ya ƙone, adafta ba ta samun wuta.

Sannan ka kashe makulli, ka yanke batir, ka auna tsakanin C da D. A kowane ƙarshen layin akwai resisto, wato ɗan abin da ke tauye wuta, mai om 120, biyun a haɗe su ba da 60. Ka ga 60, layi a rufe yake daidai. Ka ga 120, resisto ɗaya ya ɓace ko waya ta yanke a tsakani. Ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Ka ga wajen 40, wani ya ƙara na uku. Mayar da batir, buɗe makulli, auna kowace da as: rawaya za ta ɗan haura bolt biyu da rabi, koren ta ɗan gaza, in ka tara su su ba ka kusan 5. Wadda ta nuna sifili ta taɓa ƙarfe, wadda ta nuna wutar batir ta haɗu da wayar wuta.

Ka tuna ba birenbos kaɗai ke kan layin ba. Allon direba na kai, na'urar giya na kai, kuma guda ɗaya in ta lalace tana iya toshe bakin kowa. Ka riƙa zare su ɗai-ɗai kana gwada jonawa. Ka kuma tambayi mai feloda ko an sa mata na'urar bin sawu. Masu ɗaura ta sukan fere wayoyin nan biyu su naɗe da salatif, bayan 'yan watanni ƙura da ruwa su shiga. Idan ka gano, ka kai wa maigidanka sakamakon cikin ladabi, ka nuna masa a kan mita, kada ka yi masa gardama a gaban mai inji.

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu ya bar mana eskabeta Komatsu PC200-8, ni nake ba da hayarta don ɗawainiyar yara. Direba ya ce ba ta da ƙarfi, in ta ɗebi ƙasa sai ta yi kamar za ta mutu, allo na nuna CA559. Wani ya ce a canza birenbos. Ban san komai a harkar nan ba, ina tsoron a cuce ni.
Daga wata Hajiya a Unguwar Mu'azu.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Kada ki ba da ko sisi don birenbos. CA559 na nufin ƙarfin man gas a babban bututun da ke ciyar da nozul bai kai yadda ake bukata ba. Birenbos ne ma ya gano hakan ya faɗa, sannan ya rage wa inji ƙarfi da gangan don kada ya yi wa kansa illa. Aikinsa yake yi.

Ki sa a bi daga mai araha zuwa mai tsada. A tsiyaye ruwan da ke ƙasan filtar farko a cikin kwalba mai haske, ki gani da idonki. A canza filtocin man gas duka biyu da na asali, a leƙa tanki a ga ko laka ta taru, a duba tiyo ko yana shan iska. Sai in duk wannan bai yi ba za a auna man da nozul ke mayarwa tanki, a duba bawul ɗin da ke kan bututun, famfo kuma shi ne na ƙarshe. Ki ce a ajiye miki duk abin da aka cire.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar mai. Irin wannan inji na matsa man gas fiye da bar 1,000 a ma'aunin matsi, kuma ɗan ruwa ko ƙura ko haɗin kananzir ya isa ya cinye nozul da famfo. Idan masu haya ke zuba mai, ki sa a cikin sharaɗi daga inda za a saya, ko ki riƙa saye da kanki ki ɗora a kan kuɗin haya. Man jarka na bakin hanya ya kashe injina da yawa a garin nan. Ki kuma gargaɗi direba: kada kowa ya sassauta bututun nozul inji na aiki don a gane wace silinda ce ba ta ci, yadda ake yi wa tsofaffin injina. Man na iya huda fata ya shiga jiki, har a kai ga yanke hannu. Ana kashe silinda ɗai-ɗai ne daga allo ko daga kwamfuta.

Tambaya: Malam, bokitin buldozarmu, wato reza, ta tsage muka yi walda a jikinta. Tun daga nan ko fitilar allo ta inji ba ta kawowa, kik na juyawa amma ba ta tashi. Yaya ake tabbatar da cewa birenbos ya ƙone da gaske? Kuma gyara ya fi ko saye?
Daga wani mai kula da injina a Mando.

Amsa: Ɗan'uwa, a naka kam ina jin tsoro, domin walda na cikin abubuwan da ke kashe birenbos da gaske. Sauran su ne juya kan batir, cire batir inji na aiki, ruwa ya shiga cikinsa, da tayar da inji da injin walda, al'adar da nake roƙon mutanenmu su bari don Allah. Duk da haka a fara duba fiyus da rile, wani lokaci su ne ke fansar sa.

Ni ba na cewa ya mutu sai na ga waɗannan a tare: ƙwan fitila ya haska fes a bakin soket, saƙon makulli na isowa, layin magana ya ba da om 60, amma duk da haka ba ya magana da kwamfuta, kuma ba ya fitar da bolt 5 ko da an zare masa duk sensoshi. Idan yana magana, lambobin da ke nuna cikinsa ne su ne CID 254 da FMI 12 a Caterpillar, 111 a Cummins, CA111 a Komatsu. Akwai kuma gwajin da na fi yarda da shi. Zare sensar zafin ruwa, ya kamata ya ba da FMI 3. Haɗa wayoyinta biyu da 'yar guntuwar waya, ya kamata lambar ta koma FMI 4. Birenbos ɗin da ya ga wannan sauyi yana gani yana ji a wannan layin. In bai gani ba, a maimaita a bakin soket ɗinsa don a fitar da waya daga zargi. Kada a yi wannan wasa da wayoyin nozul inji na kunne. A wasu injinan Caterpillar wutarsu takan kai bolt 90 zuwa 120.

In ya tabbata ya ƙone, kada a ɗaura wani sai an auna wayoyin nozul da na sensoshi da cajin altaneta, don abin da ya kashe na farko na iya kashe na biyu cikin minti ɗaya. Gyara na yiwuwa idan ɓangaren shigar wuta ne kawai ya taɓu, kuma akwai masu hannu a wannan aiki, amma wanda ruwa ya kwana a cikinsa ba na ba da shawarar a dogara da shi. In za a saya, lambar da ke jikinsa ta dace, sannan a loda masa manhajar injinka, a shigar da saitinsa da lambobin kowace nozul. Birenbos na hannu yana zuwa ne da saitin injin da aka ciro shi, shi ya sa wani ya tashi amma ya yi ta hayaƙi ba ƙarfi. Wasu saitin a Caterpillar sai da kalmar sirri daga dila. Ka yi sharaɗi da mai sayarwa cewa in bai yi ba za ka mayar.

Nan gaba in za ku yi walda, ku kashe makulli, ku yanke batir, ku zare soket ɗin birenbos da na allo, ku maƙala as ɗin walda dab da inda ake aiki, a kan ƙarfen da ake yi wa waldar.

Tambaya: Ya halatta a wanke inji da famfon wankin mota mai ƙarfi? Ƙurar hunturu ta yi masa yawa.
Daga wani direban rola a Rigasa.

Amsa: Malam direba, a wanke, amma sai inji ya huce, batir a yanke. Kada a saita bakin famfon a kan birenbos, soket, altaneta ko gidan fiyus, domin robobin da ke bakin soket an yi su ne don ruwan sama, ba don irin wannan matsi ba. Waɗannan wurare a hure su da iska, a goge da tsumma. Lagireto ma iska ta fi masa, a huro daga ciki zuwa waje. Bayan wanki a bar murfi a buɗe ya sha rana kafin a mayar da batir.